Gwajin Dutse a Ƙasar Zugu: A Bakin Rami Ko a Ɗakin Gwaje-gwaje?

Tun daga Disambar 2024, da Ministan Ma'adinai Dele Alake ya ba da sanarwar ɗage dokar hana haƙa da aka ƙaƙaba wa Zamfara a Afrilun 2019, wata tsohuwar tambaya ta sake tasowa a Anka da Bukkuyum da Gummi. Dutsen nan da ake fasawa, a niƙa, a wanke, a ɗura a buhu, wa zai faɗa mana abin da ke cikinsa, kuma a ina? Mai haƙa yana son ya san ko dillali ya cuce shi. Uwar da ake shanya garin dutse kusa da tsakar gidanta tana da haƙƙin sanin abin da ɗanta ke lasa a hannu. Gwamnati kuma, in da gaske take, tana bukatar ta san harajin me za ta karɓa.

Masu ruwa da tsaki a harkar sun kasu gida biyu, kuma kowane gida akwai masu hankali a cikinsa. Gida na farko na cewa a kawo na'urorin hannu, irin waɗanda ake ɗora wa dutse su ba da amsa nan take, a ajiye su inda ake niƙa da inda ake ciniki. Gida na biyu na cewa wannan gaggawa ce kawai. Gwaji na gaskiya, a wurinsu, sai an kai samfur ɗakin gwaje-gwaje, an narkar da shi, an auna shi da injin da ke girke wuri ɗaya, ko da kuwa za a yi makonni ana jira.

Na ga ya fi kyau a auna hujjojinsu da wani ƙarfe da ba kasafai ake jin sunansa a kasuwar Anka ba, wato beriliyam, domin shi ne ke tona asirin kowane ɓangare.

Me ya kawo beriliyam cikin zancen?

Beriliyam ƙarfe ne marar nauyi, na huɗu a jerin sinadaran duniya, daga litiyam sai shi. Wani Bafaranshe mai suna Vauquelin ne ya gano shi a 1798 a cikin zumurrudu da dutsen beril. In an zuba kimanin kashi 2 cikin ɗari nasa a jan ƙarfe, ana samun tagulla mai ƙarfi wadda ba ta tartsatsin wuta, da ita ake ƙera kayan aikin rijiyoyin mai da 'yan ƙananan mahaɗan lantarki. Madubai 18 na na'urar hangen sararin samaniya ta James Webb, wadda aka harba a Disambar 2021, da shi aka yi su. Mafi yawan wanda duniya ke haƙowa daga tsaunin Spor yake fitowa, a jihar Utah ta Amurka. Yana da illa kuma. Ƙurarsa ko hayaƙinsa in suka shiga huhu suna iya jawo ciwon da ba ya warkewa, kamar yadda likita Harriet Hardy ta bayyana a 1946 game da ma'aikatan wata masana'antar ƙwan fitila a Massachusetts. A 2017 Amurka ta rage adadin da ta yarda ma'aikaci ya shaƙa daga maikrogiram 2 zuwa 0.2 a kowace mita kubik ta iska. Ciwon dai an fi saninsa a masana'antun tace ƙarfen, domin ɗanyen dutsen beril yana riƙe da shi gam.

A faɗi gaskiya tun da wuri, ba beriliyam ne ya kashe yaran ƙauyukan Dareta da 'Yargalma a 2010 ba. Dalma ce, kuma duwatsun da aka san yankin Anka da su na zinare ne da kwalli. Sai dai kasuwa ta sauya. Tun da aka shiga rububin litiyam a Nasarawa da Kaduna da Kogi da Kwara, har da Ngaski a Kebbi mai maƙwabtaka da mu, 'yan haƙa suka koma kan wasu jijiyoyin dutse masu manyan ƙwayoyi da masana ke kira fegmatait. A irin waɗannan jijiyoyi ne beril ke zama, kusa da duwatsun litiyam da kuza da tantalait. Zumurrudun Gwantu da na Nasarawa Eggon ma beril ne da ya sami kala. Wanda bai sami kala ba fari ne ko ruwan toka, ya yi kama da dutsen ƙanƙara da ake zubarwa, nauyinsu ma kusan ɗaya, don haka wanki ba ya raba su. Mai haƙa kuma ba ya zama wuri ɗaya, wanda ke Bagega bana yana iya zama a Nasarawa baɗi, ya dawo gida da sabon ido. Duk tsarin gwajin da za a kafa wa yammacin Zamfara yau, gobe za a kawo masa irin wannan dutse.

Abin da masu na'urar hannu ke cewa

Hujjarsu ta farko ba daga littafi suka ɗauko ta ba, daga 2010 suka ɗauko ta. A watan Maris na shekarar ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa fiye da ƙima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Binciken da hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, CDC, ta shiga cikinsa a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. A ƙarshe an yi ƙiyasin aƙalla yara 400 ne suka tafi. Da aka zo batun share ƙauyuka, Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da 'Yargalma da Tungar Guru, daga baya kuma Bagega a 2013, na'urar hannu ce ta yi aikin. Ana kiranta XRF, siffarta kamar ƙaramar bindiga. Tana harba hasken eksire cikin ƙasa, kowane ƙarfe ya mayar mata da nasa haske mai alamarsa, cikin minti ɗaya ko biyu ta rubuta amsa. Da ita ma'aikatan ƙungiyar Blacksmith da kamfanin TerraGraphics da na gwamnatin jiha suka bi gida gida, ɗaki ɗaki, suna tantance inda za a kankare ƙasa da inda za a bari. A wasu wuraren dalma ta haura miligiram 100,000 a kilo ɗaya na ƙasa, alhali a lokacin ma'aunin Amurka na filin da yara ke wasa 400 ne.

Sai su yi tambaya: da a ce kowane ɗan cokalin ƙasa sai an naɗe shi an aika Kaduna ko Legas ko Atlanta, yaushe za a gama? Damina za ta zo ta wanke gubar ta kai ta kududdufai da rijiyoyi tun takarda ba ta dawo ba. Jinin yara ma da wata 'yar na'urar tebur mai suna LeadCare aka riƙa auna shi a asibitin Anka, a ba yaro magani ba tare da dogon jira ba.

Hujja ta biyu ta hanya ce. Kowa ya san yadda tafiya daga Anka zuwa Bagega, ko daga Gummi zuwa cikin ƙauyukan Bukkuyum, ta zama mai haɗari a 'yan shekarun nan. Wanda zai ce a riƙa jigilar samfur kowane mako, a cewarsu, bai taɓa tsayawa a tasha yana jiran labarin ko hanya ta buɗe ba.

Ta uku ita ce ta ciniki, kuma ita ta fi shiga ran mai haƙa. Yau mai saye ne ke da na'ura ko ke da hanyar zuwa ɗakin gwaji, mai sayarwa ido kawai yake da shi. Takardar da za ta fito bayan mako uku ba ta amfanar mutumin da ya riga ya sayar da buhunsa ranar kasuwa don ya auno hatsi. In ƙungiyar 'yan haƙa na da na'urarta, a ɗora a gaban kowa, lamba ta fito kowa ya gani, to gani ya kori ji.

Martanin masu ɗakin gwaje-gwaje

Su kuma sai su ce a koma 2010 ɗin, amma a fara daga farkon labari. Yaran da suka fara suma da farfaɗiya, maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau aka riƙa ba su, bai yi aiki ba. Ba na'urar hannu ce ta ambaci dalma ba. Jinin wasu 'yan yara aka ɗiba aka aika wani ɗakin gwaje-gwaje a Turai, can aka gano sunan cutar. Bayan nan ne aka san abin da za a saita na'ura ta nema. Ita LeadCare ɗin ma iyakarta maikrogiram 65 a desilita ɗaya ta jini, yara da yawa kuma sun wuce nan, sai dai ta nuna cewa ya yi yawa ta yi shiru. Sai da aka fito da dabarar tsarma jinin, aka kuma gwada dabarar da sakamakon babban ɗakin gwaji, kafin likita ya iya bambanta yaron da ke da 70 da wanda ke da 300.

Akwai kuma abin da masanan hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka gano suka wallafa a 2013. XRF ta faɗi yawan dalma, amma ba ta faɗi irin dalmar ba. A ɗakin gwaji ne aka ga cewa ruwa da iska sun daɗe suna cin kwallin da ke kusa da saman ƙasa har wani sashe nasa ya rikiɗe ya zama kabonet na dalma, wanda ke narkewa cikin sauƙi a ruwan cikin yaro. Wannan ne ya bayyana dalilin da ya sa gubar ta yi wannan irin kisa. A can ne kuma aka ja hankali kan asenik da manganis da zaiba da ƙurar ƙanƙara da ke tare da ita. Asenik ma yana da wata matsala ta musamman: hasken da yake mayarwa ya kusa zama ɗaya da na dalma, don haka inda dalma ta yi yawa sai ta rufe shi, na'urar hannu ta sha wuyar ganinsa.

Daga nan sai su fito da beriliyam, kuma a nan ne hujjarsu ta fi kaifi. XRF ta hannu ba ta ganinsa sam. Ba ta ganin litiyam ma. Ganinta yana farawa ne daga wajen magnesiyam, na 12 a jeri, duk abin da ke ƙasa da nan hasken da yake mayarwa ba shi da ƙarfi, 'yar iskar da ke tsakanin dutse da bakin na'ura ma ta isa ta shanye shi. Abin ban dariya, tagar da hasken eksire ke fita ta cikinta a jikin na'urar yawanci da beriliyam ake yin ta, domin haske na ratsa shi kamar babu komai. Ka ɗora ta a kan tsantsar beril, wanda kimanin kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa beriliyam ne, za ta ce maka silikon da alminiyam, shi ke nan. Mai haƙa da ya amince da ita zai zubar da dutsen ko ya bayar a kuɗin tsakuwa. Shirun na'ura ba ya nufin babu, amma a bakin rami wa zai tsaya yi masa wannan bayani?

Yadda ake yi a ɗakin gwaji

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi da kai samfur, domin aikin ba ƙarami ba ne. Beril dutse ne mai taurin kai. Bayan an busar da shi an niƙe shi ya yi laushi fiye da garin tuwo, asid na yau da kullum ba ya cin sa. Sai an gauraya ɗan kaɗan, ƙasa da giram ɗaya, da wani gishiri mai ƙarfi irin su sodiyam kabonet ko sodiyam feroksaid ko gishirin fulorin, a saka a ƙaramin kasko na filatinam ko zakoniyam, a gasa har ya narke ya zama ruwa, ya huce, sannan a narkar da shi a asid. Sai a wannan mataki ne beriliyam ke fitowa daga kejinsa.

Daga nan hanyoyi sun rabu. Tsohuwar hanya ita ce ta awo da sikeli. A zuba wani sinadari mai suna EDTA ya kama alminiyam da baƙin ƙarfe ya riƙe su gefe, a sa beriliyam ya kwanta a ƙasan kwalba a matsayin fosfet, a tace, a ƙona, a auna nauyi. Tana cin lokaci kuma tana son hannun gwani, amma ga dutse mai arzikin beriliyam, irin beril na kasuwa da ke ɗauke da kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari na oksaid ɗinsa, amsarta abin dogaro ce. Akwai hanyar kala, inda ake ɗiga wani sinadari kamar morin, ruwan ya yi ƙyalli gwargwadon yawan ƙarfen. Akwai injin AAS da ke fesa ruwan cikin harshen wuta ya auna hasken da aka shanye, sai dai beriliyam na bukatar wuta mai zafi ta musamman, ta asitilin da naitiros oksaid, kuma alminiyam na yi masa katsalandan. Manyan ɗakunan gwaji na yau sun fi dogara da ICP, inda ake cusa ruwan cikin wutar iskar agon da zafinta ya kai digiri dubbai. Wani nau'in yana karanta hasken da beriliyam ke fitarwa, a nan kuma sai an yi hattara da banadiyam, domin nasa hasken na kusa. Wani nau'in yana ƙirga ƙwayoyin zarra ne bisa nauyinsu, har yana iya gano abin da bai kai miligiram ɗaya a kilo ba, tare da wasu ƙarafa masu yawa a zama ɗaya.

Duk wannan yana son lantarki marar yankewa, da tulunan agon, da tataccen ruwa, da garin dutse na musamman wanda aka riga aka san abin da ke cikinsa don a riƙa gwada injin da shi. Najeriya na da wuraren da aka gina don irin wannan aiki, kamar ɗakunan gwaje-gwaje na Hukumar Binciken Ƙasa da ke Kaduna, da cibiyar binciken ƙarafa da ke Jos, da na jami'o'i a Sakkwato da Zariya da Kano.

Masu na'urar hannu sun dawo

Ba su ja da baya ba. Suka ce, to, ai ga shi kun faɗa da bakinku: in ba a narkar da dutsen yadda ya kamata ba, injin miliyoyi ma ƙarya zai yi. Ɗakunan gwaji da yawa suna da tsari mai sauƙin kuɗi, inda ake jiƙa garin dutse a akwa rejiya, gaurayen asid biyun nan da ke narkar da zinare. Wannan ruwa yana fito da dalma da jan ƙarfe da kyau, amma da ƙyar yake taɓa beril. Ko tsarin asid huɗu da ya fi shi ƙarfi yakan bar saura. Sakamako sai ya fito da lamba 'yar ƙarama, a kan takarda mai tambari da sa hannu. Wanne ya fi haɗari, na'urar da aka san makauniya ce a wannan fanni, ko takardar da ke cewa ta gani alhali rabin gani ta yi?

Sukan kawo misalin Zariya. A Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ƙirar Sin, wadda ta fara aiki a 2004, kuma babban aikinta gwajin samfur ne. Ana yi wa dutse ruwan niyutron, ƙarafan da ke ciki su shanye, daga baya su fitar da hasken da ke nuna ko su wane ne. Ga zinare da asenik hanyar tana da kyau ƙwarai. Ga dalma ba ta da ƙarfi. Ga beriliyam kuwa kusan babu, domin ba ya shan niyutron, mayar da shi yake yi, shi ya sa ma aka kewaye zuciyar tukunyar kanta da beriliyam. Ashe makanta ba ta na'urar hannu kaɗai ba ce.

Sa'an nan suka ce zancen cewa ba a iya auna beriliyam a daji tsohon labari ne. Tun wajen ƙarshen shekarun 1950 akwai na'urar da ke ɗauke da antimoni mai lamba 124, wanda haskensa ke fizgo niyutron daga beriliyam kaɗai, a ƙirga. Ba niƙa, ba narkarwa, kuma ta taimaka wajen bin sawun arzikin tsaunin Spor. Yau kuma akwai na'urar hannu ta leza, LIBS, wadda ke ƙona ɗan ɗigo a jikin dutse ta karanta hasken tartsatsin, tana kuma ganin litiyam da beriliyam da boron. Ga ƙura a wurin aiki akwai wata hanyar ƙyalli da aka ƙirƙiro a Los Alamos, wadda kayanta ke shiga akwati ɗaya. Ko XRF ɗin ma, a hannun wanda ya sani, tana nuna rubidiyam da siziyam da tantalam da kuza, waɗanda ke yi wa mai nema ishara cewa jijiyar da yake kai irin ta litiyam da beril ce.

Amsar ɗaya ɓangaren a nan gajera ce. Antimoni 124 rabin ƙarfinsa ke tafiya duk kwana 60, sai an riƙa sabunta shi, yana bukatar lasisin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, kuma babu mai hankalin da zai so a yi yawo da irinsa a dajin da ake tare motoci. Ita kuwa leza, ɗigon da take ƙonawa bai kai kan allura girma ba, kuma lambar da take bayarwa ta dogara ne da saitin da aka yi mata da duwatsun da aka riga aka auna. A ina aka auna su? A ɗakin gwaji.

In an tace

Da na jera hujjojin, sai na ga akwai wurin da gidajen biyu suka fi yin shiru, kuma nan ne ɓarnar ta fi yawa. Kafin injin kowa ya fara aiki, wani mutum ne ya miƙa hannu ya ɗebo samfur. Buhu mai kilo 50, abin da ke shiga kasko bai kai giram ɗaya ba, abin da XRF ke gani kuma fatar dutse ce kawai, faɗin da bai wuce farce ba, kuma in ƙasar na da danshi lambar sai ta sauka. Duk wanda ya taɓa sayen gero ya san saman buhu daban, gindinsa daban. In mai sayarwa ne ya zaɓo dutsen, zai zaɓo mai kyau. In mai saye ne, zai zaɓo marar kyau. Masana awon ma'adinai, tun daga Bafaranshen nan Pierre Gy, sun daɗe da nuna cewa kuskuren ɗibar samfur yakan ninka na injin kansa. Maganin kuwa ba shi da tsada: a farfasa, a gauraya, a tara tsibi, a raba huɗu, a ɗauki kashi biyu masu fuskantar juna, a maimaita har ya ragu, a raba na ƙarshe gida uku, ɗaya ga mai saye, ɗaya ga mai sayarwa, ɗaya a rufe a ajiye saboda ranar gardama. Wannan shebur da tabarma da shaidu yake so. Sai dai fa niƙa a bushe ita ce ta tayar da ƙurar 2010, don haka wurin haɗa samfur ma dole ya yi nesa da gidaje, a kuma riƙa yayyafa ruwa.

A kan dalma, a ganina masu na'urar hannu sun yi nasara, kuma ba da ƙaramar tazara ba. Dalma ƙarfe ne mai nauyi, XRF na ganinta sarai, tambayar da ake yi kuma mai sauƙi ce: wannan dutse a shiga da shi gari ko kada a shiga? A 2015 an sake ganin irin wannan mutuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, abin da ke nuna cewa sanin haɗarin a takarda bai isa ba in babu mai aunawa a wurin. Bayan MSF ta miƙa shirinta ga hukumomin Zamfara a 2022, nauyin ya dawo gida.

A kan zinare kuwa lamarin ya juya. Giram kaɗan ne a tan guda, a warwatse, na'urar hannu ba ta iya ba da lambar da za a yi ciniki a kanta. Har yau hanyar da duniya ta yarda da ita ta wuta ce, inda ake narkar da giram 30 ko 50 na gari tare da dalma, dalmar ta tattaro zinaren, sannan a raba su. Wato ɗakin gwajin zinare ma yana tara sharar dalma, kuma duk mai son a gina shi a Gusau ko Anka sai ya faɗi inda za a kai ta.

A kan beriliyam da litiyam, masu ɗakin gwaji sun fi gaskiya a yau, da sharaɗin da abokan hamayyarsu suka kafa musu. Wanda ya tsinci farin dutse mai kusurwa shida a ƙasar Bukkuyum, kada ya yarda da hukuncin XRF a kansa, kuma in ya kai shi gwaji, kafin ya biya ya tambaya da me za a narkar. In aka ce masa akwa rejiya, ya ɗauki kayansa ya yi gaba.

Abin da ya rage a buɗe shi ne inda kuɗin farko zai tafi, tun da ba za a sami na komai a lokaci ɗaya ba. Ɗakin gwaji guda mai inganci a Gusau, wataƙila a jikin jami'ar tarayya da ke can, zai rage nisa, ya horar da 'yan jiha, ya kuma zama wurin saita na'urorin hannu. Amma mun sha ganin injina masu tsada a lulluɓe da leda saboda babu gas ko babu wuta. Na'urori goma a hannun ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin 'yan haƙa za su fara aiki gobe, amma batirinsu na mutuwa, saitinsu na gocewa, kuma na'urar da ta faɗa hannun dillali ta zama tasa. Na fi karkata ga a fara da na hannu saboda yara, a riƙa aika wani kaso na samfuran Kaduna ko Zariya don a tabbatar ba su kauce ba. Wanda ya ce a fara da ginin, domin ba a saita ƙaramin ma'auni sai da babba, shi ma yana da ƙafar tsayawa. Sayen na'urar leza kuma ya rataya ne ga yawan jijiyoyin fegmatait da taswirar ƙasa za ta nuna a yammacin jihar, aikin da ke jiran ranar da masu binciken ƙasa za su iya kwana a daji.